Maimaitawa a Tsohuwar Waƙar Larabci da Rubutacciyar Waƙar Hausa

Maimaitawa, wadda masana balagar Larabci ke kira takrari, ita ce mawaƙi ya dawo da sauti ɗaya, ko kalma, ko ɗango, ko ginin jimla, sau biyu ko fiye a cikin waƙa, da gangan kuma don wata manufa. Tsohuwar dabara ce da ake samu a waƙoƙin harsuna da yawa. Amma a ƙasidar Larabawa ta da, da rubutacciyar waƙar Hausa da ta tashi a inuwarta, an yi mata ƙa'idoji, an ware inda take ado da inda take aibi. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne kalmar da aka maimaita ba ta dawowa yadda ta tafi. Lafazin yana nan daram, sai dai abin da ke kewaye da shi ya canja, don haka nauyinsa a kunnen mai sauraro ma ya canja.

Maimaitawar da ba makawa

Tun kafin mawaƙi ya zaɓi maimaita wata kalma, ita kanta ƙasida a kan maimaitawa aka gina ta. Na farko shi ne kari. Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Basra na ƙarni na 8, ya bi waƙoƙin Larabawa ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16 wanda ake jingina wa Akhfash. Kowane kari jerin ƙafafu ne da ke dawowa. A karin Ɗawil, alal misali, ana faɗin fa'ulun mafa'ilun sau biyu a kowane rabin baiti, haka har ƙarshen waƙa. Na biyu shi ne ƙafiya, wato amsa-amo. Harafi ɗaya ne ke rufe kowane baiti daga fari har ƙarshe, shi ya sa ake kiran waƙa da sunan harafinta: Lamiyya, Mimiyya, Daliyya, Nuniyya. Mu'allaƙar Imru'ul Ƙais, ɗaya daga cikin shahararrun dogayen ƙasidun Jahiliyya, baiti wajen 80 ce, duka a kan lamun. Yawanci kuma a baitin farko rabi biyun duka suna ɗaukar ƙafiyar, don kunne ya san tun da wuri sautin da zai riƙa jira.

A nan ne wata ƙa'ida mai ban sha'awa take. Malaman aruli, wato ilimin karin waƙa da ƙafiya, sun wajabta maimaita harafi, amma sun hana maimaita kalmar ƙafiya. Idan mawaƙi ya rufe baiti da wata kalma, sannan ya sake rufe wani da ita da ma'anarta ɗaya kafin a wuce baiti bakwai, ya yi aibin da ake kira iɗa'i, ana ɗaukarsa alamar kalmomi sun ƙare masa. In kuwa lafazin ɗaya ne ma'anar daban, to wannan jinasi ne, abin yabo. Saboda haka mai sauraron ƙasida ya saba da sauti mai dawowa da kalma mai sabuntawa. Duk sa'ad da ya ji an nanata kalma guda ko rabin baiti guda, ya san ba banza ba.

Hukuncin masana balaga

Ibn Rashiƙ, masanin Ƙairawan na ƙarni na 11, ya ware babi guda a kan takrari a littafinsa al-Umda. Ya ce akwai wuraren da yake kyau da wuraren da yake muni, kuma idan lafazi da ma'ana suka maimaitu tare ba tare da wani ƙari ba, wannan ita ce taɓewa. A ganinsa bai kamata mawaƙi ya nanata suna ba sai da dalili: bege da jin daɗin ambaton masoyi, ɗaukaka wanda ake yabo, zargi, barazana, kukan rashi, neman agaji, ko tozarta wanda ake yi wa zambo. Ma'auninsa ke nan: halin da mai magana ke ciki shi ke halatta masa nanatawa.

Bai bar masu kuskure ba. Ya kawo baitocin Ibnuz Zayyat, wazirin Abbasiyawa, inda ya yi ta maimaita kalmar tasabi, wato rawar kan ƙuruciya, har Ibn Rashiƙ ya ce mutumin ya cika duniya da tasabi, ya kuma tsine wa kalmar saboda shi. Mutanabbi ma, duk girmansa, bai tsira ba. Masu suka sun daɗe suna yi masa dariya kan baitin da ya cusa wa ƙalƙaltu da ƙalƙala da ƙalaƙil har sau huɗu. Akwai kuma baitin nan na ƙabarin Harbu da ake cewa aljani ne ya yi shi, wanda ɗaliban balaga a zaure suka sani, “wa laisa ƙurba ƙabri Harbin ƙabru”, ana kafa misali da shi kan sautukan da ke karo da juna har harshe ya sarƙe.

Tun kafin Ibn Rashiƙ, Ibnul Mu'utazz ya rubuta Kitabul Badi'i a shekarar 887, ya sa wata irin maimaitawa cikin manyan adon magana biyar da ya lissafa, wato mayar da ƙarshen baiti kan farkonsa. Misalin da littattafan balaga suka saba kawowa zambo ne ga wani mutum. Baitin ya buɗe da sari'un, mai gaggawa, ya rufe da ita: mai gaggawar marin ɗan baffansa ne, amma idan aka yi kiran kyauta ba mai gaggawa ba ne. Da farko kalmar kamar yabo za ta zama, don gaggawa siffar jarumi ce. Kafin a kai ƙarshen baiti ta zama shaida biyu a kansa, ta mugunta da ta rowa.

Masanan sun kuma yi dogon bayani a kan nanatawar da ke cikin Alƙur'ani, tare da jaddada cewa Alƙur'ani ba waƙa ba ne. Ayar “Fabi'ayyi ala'i Rabbikuma tukazziban” ta zo sau 31 a Suratur Rahman, “Wailun yauma'izin lil mukazzibin” kuma sau 10 a Suratul Mursalat. Amsar da masu tafsiri suka fi bayarwa ita ce kowace dawowa tana rataye ne da abin da aka ambata gabaninta. Sukan kafa hujja da waƙoƙin Jahiliyya don nuna cewa Larabawa sun san wannan salo a maganarsu.

Kukan rashi da ɗaukar fansa

Babu inda maimaitawa ta fi samun gindin zama kamar marsiyya, wato waƙar kukan mamaci. Khansa'u, 'yar ƙabilar Banu Sulaim wadda ta rayu a Jahiliyya ta kuma riski Musulunci, ta shafe shekaru tana kukan 'yan'uwanta Mu'awiya da Sakhr. A shahararriyar waƙarta mai ƙafiyar ra'un takan buɗe rabin baiti bayan rabin baiti da “wa inna Sakhran”: lalle Sakhr shi ne jagoranmu, lalle Sakhr mai yanka wa mutane raƙuma ne idan sanyi ya shigo, lalle Sakhr masu nuna hanya ma shi suke bi, kamar dutse mai wuta a ƙoli. Kowa a wurin ya san wanda take nufi, da ta ce “shi” ya wadatar. Ba ta ce ba. Tana kiran sunan ne kamar mai shi yana iya amsawa, kuma duk siffofin ta kawo su a matsayin abin da ke nan, ba abin da ya wuce ba. A wata waƙar tana yi wa idanunta biyu faɗa, tana ta tambayarsu ko ba za su yi kuka ba, tambaya ɗaya sau uku a jere, kowane karo da sabuwar siffar mamacin.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na Harisu ɗan Ubad a yaƙin Basus, rikicin Bakr da Taglib da aka ce ya faro daga kisan taguwa ya kuma ɗauki shekara 40. Harisu dattijo ne na Bakr, ya ƙi shiga yaƙin tun farko. Sai Muhalhil, wanda ke neman fansar ɗan'uwansa Kulaib, ya kashe Bujair, wanda wasu ruwayoyi suka ce ɗan Harisu ne, wasu suka ce ɗan ɗan'uwansa. Da labari ya zo, Harisu ya so ya haƙura, yana ganin idan jinin yaron zai biya jinin Kulaib a yi sulhu, to ba a yi asara ba. Sai aka gaya masa abin da Muhalhil ya faɗa yayin kisan: yaron bai wuce fansar igiyar takalmin Kulaib ba. Nan Harisu ya yi waƙarsa, wadda rabin baiti ɗaya ke ta dawowa a cikinta, “Ƙarriba marbiɗan Na'amati minni”, wato ku matso mini da turken Na'ama. Na'ama sunan goɗiyarsa ce. Ruwayoyi sun saɓa a kan yawan dawowar, wasu sun kai ta wajen sau 50.

Rabin farko ba ya motsi, rabi na biyu ne ke tafiya. Sau ɗaya ya ce yaƙin Wa'il, kakan Bakr da Taglib, ya ɗauki ciki bayan ya daɗe bai ɗauka ba. Wani karon ya ce sayar da mai daraja a kan igiyar takalmi ya yi tsada. Wani karon kansa ne ya yi furfura, wani karon dare ne ya yi masa tsawo. A karon farko umarni ne kawai ga bara, a kawo doki. Bayan an ji shi sau goma ya daina zama umarni, ya zama rantsuwa, kuma kowane rabi na biyu hujja ce da ake ɗorawa a kanta. Mai sauraro yana ganin mutumin da ya ƙi yaƙi shekara da shekaru yana lallashin kansa, dalili bayan dalili, har ya kai inda ba komawa. Bugun yana sauka wuri guda kamar luguden taɓarya, abin da ke cikin turmin ne ke sauyawa. Muhalhil ya mayar da martani da irin ginin, ya sa sunan nasa dokin, Mushahhar, a gurbin Na'ama. Shi ma yana da waƙar da yake ta nanata cewa babu wanda ya isa zama daidai da Kulaib.

Malik ɗan Raib ya bi wata hanyar, mai taushi. Ɗan fashi ne da Sa'idu ɗan Usman ɗan Affan ya ɗauka cikin rundunarsa zuwa Khurasan a zamanin Mu'awiya. Ajali ya riske shi a can nesa da gida, aka ruwaito waƙar da ya yi wa kansa makoki. A baiti uku na farko ya ambaci ghada, wata itaciyar hamadar ƙasarsu, sau shida. Ga ma'anarsu: kaico, ko zan sake kwana ko da dare ɗaya a gefen ghada ina kora raƙuma masu sauri? Ina ma ayari bai ratsa ghada ya wuce ba, ina ma ghada ta biyo raƙuman nan tafiyar 'yan darare. Cikin mutanen ghada akwai abin ziyarta, da ghada na kusa, amma ghada ba ta kusa. Ta farko wuri ce. Ta biyu wurin da aka bari a baya. Ta uku ta zama abokiyar tafiya mai ƙafafu, ta huɗu ta zama dangi, ta biyar fata, ta shida kuma ta yanke fatan. Da wuya a sami wani wuri a tsohuwar waƙar Larabci da kalma ɗaya ta yi aiki mai yawa haka cikin ɗan ƙaramin fili.

A waƙar alfahari da ta hikima aikin ya fi sauƙin gani. Amru ɗan Kulsum yana jera “mu ne, mu ne” don ya cika fage da ƙabilarsa, kuma a baiti ɗaya ya juya tushen jahilci sau huɗu yana gargaɗin kada wani ya yi musu wauta su mayar da wadda ta fi ta. Zuhair kuwa a ƙarshen mu'allaƙarsa ya jera baitoci masu farawa da “wa man”, duk wanda ya yi kaza zai ga kaza, har suka fito kamar hukunce-hukuncen alƙali.

Baitin da ya bayyana a waƙa biyu

Akwai maimaitawar da ke tsallaka waƙa zuwa waƙa. Mu'allaƙar Imru'ul Ƙais da ta Ɗarafa suna da baiti guda iri ɗaya, inda abokan tafiya suka tsai da raƙuma a kufai suna ba mawaƙin haƙuri. Kalmar ƙarshe kaɗai ta bambanta, tajammali a ɗaya, tajalladi a ɗayar, kowa da ƙafiyarsa. Magabata sun tattauna irin wannan a babin satar waƙa da haɗuwar tunani. A ƙarni na 20 aka zo da wata fassara. Milman Parry, Ba'amurken da ya yi nazarin waƙoƙin Homer na Girka, ya nuna cewa mawaƙin baka yana da rumbun shiryayyun furuci da suka dace da kari, yana ɗebowa yayin da yake waƙa. James Monroe a 1972 da Michael Zwettler a 1978 sun gwada wannan a kan waƙar Jahiliyya. Ra'ayin ya bayyana dalilin da ya sa ƙasidu da yawa ke buɗewa da tsayuwa a kufai da kusan kalmomi ɗaya. Bai bayyana ghada shida na Malik ba, don wannan ba cike gurbin kari ba ne.

Begen Annabi

Ta ƙofar madahu ne wannan gado ya fi shigowa ƙasar Hausa. Ishiriniyar Alfazazi, mawaƙin Andalus da ya rasu a 1230, waƙoƙi 29 ne bisa jerin haruffa, kowace baiti 20, kuma baiti yana farawa da harafin da zai ƙare da shi. Da tahamisin Ibn Mahib, wato mayar da kowane baiti mai ɗango biyar, aka fi saninta, haka ake rera ta a zaurukan malamai da daren Mauludi. Burdar Busiri, Bamisiren ƙarni na 13, a kan mimun take, masu rera ta kuma suna sako salati guda tsakanin baitoci, wanda jama'a ke amsawa baki ɗaya. Akwai wata gajeriyar ƙasida da ake jingina masa wadda kowane rabin baiti ke farawa da sunan Muhammadu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya yi Daliyyarsa yana ɗan shekara wajen 20, yana begen tafiya Ɗaiba, wato Madina, don ziyarar ƙabarin Manzo. Baitocinta da sunan Muhammadu suke rufewa. Bisa zahirin ƙa'ida wannan iɗa'i ne tsantsa. Sai dai malaman aruli sun yi togaciya ga sunan Allah da na Annabi da na masoyi, idan an nanata don jin daɗin ambato, wanda shi ne dalilin farko a jerin Ibn Rashiƙ. A irin wannan waƙa mai sauraro ya riga ya san kalmar ƙarshe. Abin da yake jira shi ne ta wace hanya za a bi a iso gare ta, ta Madina, ta hasken rana, ta hawaye, ko ta zunubin mawaƙin. Nan maimaitawa ta kusanci zikiri, inda yawan ambaton kansa ibada ne.

A rubutacciyar waƙar Hausa

Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulfulde da Hausa cikin ajami, suka ɗauko karuruwan Larabci da tsarin amsa-amo guda. Manufarsu koyarwa ce, kuma yawancin masu sauraronsu ba sa karatu. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta horar da jajis, mata masu haddace waƙoƙi su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Waƙar da za ta yi tafiya a ka, ba a takarda ba, dole ta sami abin riƙewa.

Fitaccen misali shi ne Tabbat Haƙiƙa, wadda ake jingina asalinta na Fulfulde ga Shehu, Hausarta da tahamisinta kuma ga 'ya'yansa Asma'u da Isa. An yi ta bayan an ci nasarar jihadi, tana jan kunnen masu riƙe da iko da sauran jama'a a kan zalunci da cin amana. Kowane baiti da waɗannan kalmomi biyu yake rufewa. Wannan ya wuce amsa-amo, ya yi kama da abin da mawaƙan Farisa da na Urdu ke kira radif, furucin da ke dawowa cif bayan ƙafiya. Tasirinsa a ma'ana shi ne daidaitawa. Hukuncin da aka yanke wa mai sarauta da wanda aka yanke wa talaka da hatimi ɗaya aka buga su, babu wanda aka sassauta wa lafazi. A lokacin da waɗanda ake yi wa gargaɗin su ne sababbin masu mulki, almajiran Shehun kansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tahamisi ma maimaitawa ce mai hawa biyu. Mai tahamisi yana ɗaukar baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku a sama waɗanda suka yi amo da ɗangon farko na asali. Sai a sami baiti mai ɗango biyar: huɗu na farko da ƙaramin amsa-amo mai canjawa daga baiti zuwa baiti, na biyar da babban amsa-amo wanda ba ya canjawa. Wannan tsari ya zauna har mawaƙa suka riƙa yin 'yar biyar tasu ta kansu, kamar Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya. Kunne yana yawo cikin ɗango huɗu, na biyar ya komo da shi gida, don haka a ɗango na biyar mawaƙi ke ajiye hukuncinsa.

Nahawun Hausa ya ba mawaƙa wata dama da Larabci bai bayar ba. Korewa a Hausa takan zo da “ba” a ƙarshen jimla, shi ya sa “ba” ta zama ɗaya daga amsa-amon da aka fi amfani da su. Wanda ya zaɓe ta ya ɗaure kansa, kusan kowane baiti sai ya ƙare da kore wani abu: bai sani ba, ba ta daɗe ba, ba a komo ba. Ga waƙar wa'azi a kan ruɗin duniya babu abin da ya fi wannan dacewa, don sautin kansa yana ta rushe abin da ɗangogin sama suka gina. Ga malalacin mawaƙi kuwa mafaka ce, tunda kowace jimla ana iya juya ta ta ƙare da “ba”, kuma akwai waƙoƙi da yawa da korewar cikinsu ba ta da wani aiki sai cike gurbi. Sa'adu Zungur a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya zaɓi amon “ya”, wanda ke ɗauke da kalmomin da muhawarar take a kansu, gaskiya da jumhuriya da mulukiya, ta yadda amsa-amon ke ta dawo da mai sauraro kan tambayar da ke cikin sunan waƙar.

Amshi kuwa ba daga Larabawa Hausawa suka koye shi ba. Makaɗan baka suna da gindin waƙa da ɗiyanta tun da can: jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su koma gindi. A wajen makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo 'yan amshi sukan karɓi magana daga bakin jagora su ƙarasa ta kafin su koma gindin, a wajen Shata kuwa gindin kawai suke maimaitawa. A gindi ake sa sunan ubangida ko kirarinsa, saboda haka ko ɗan waƙar ya tafi zambo ga abokin gaba ko habaici ga 'yan'uwan sarki, dawowa gindi tana mayar da shi yabo. Marubuta waƙa na ƙarni na 20, musamman na siyasa da na bege, sun ari amshi da karin kiɗa daga wannan ɓangare, suka haɗa da amsa-amon da suka gada daga malamai. Idan aka buga irin waɗannan waƙoƙi a littafi, yawanci sau ɗaya ake rubuta amshin a sama, don haka mai nazari daga takarda yana ganin kashi kaɗan ne na maimaitawar da mai sauraro ke ji a dandali ko a rediyo.